Gaisuwar Baba Inuwa a Shafin Intanet

Ku yaran yanzu kuna ba ni mamaki. Mutum ya ɗaga waya sama, ya ɗauki buhun shinkafa ta gaba da ta baya, ya danna da babban yatsa, shi ke nan wai ya ɗora wa kamfani bidiyo, har ya je ya buga kati ya sa darakta a ƙarƙashin sunansa. Shekaranjiya wani cikinku ya leƙo shagona a unguwar Sheshe, nan Kano, yana cin gyaɗa, ya ce, "Malam Tasi'u, wai da wannan ma har sana'a ce?" Sana'a ce, ɗan nan, kuma ita ta cinye mini gashin kai. Ku matso ku zauna, amma kada wanda ya jingina da waccan tsohuwar kwamfutar, ta girme ku.

Ni ba da kwamfuta na fara ba. A wajen Malam Garba mai ɗaukar biki na koyi aiki, kuma abin da ya fara danƙa mini fitila ce da batirin mota. Shi yana gaba da kyamara a kafaɗa, mai nauyin rabin buhun siminti, ni ina baya da batir a ka, igiyar waya ta haɗa mu. In ya juya hagu na juya dama, to ranar sai wani ya sha ƙasa. Sai da na daɗe ina dakon batir kafin ya bar ni in leƙa idon kyamara, sannan ya koya mini yanka da na'urar kaset biyu, ɗaya tana karantawa ɗaya tana kwafa. Abu ɗaya yake nanata mini kullum: "Tasi'u, kyamara ba ta da kunya, kai za ka yi mata. Dattijo in yana magana ba a yanke shi, ko da kaset zai ƙare." A lokacin na ɗauka ƙa'idar gidan biki ce kawai.

Da sojoji suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, sai garin nan ya wayi gari kowa kamfani ne. Mai sabulu kamfani, mai famfon ruwa kamfani, wanda ke da tebur ɗaya da hatimi shi ma kamfani. Daga nan aka ji labarin akwai wani abu wai shafin intanet, wanda in ka mallaka, mutumin da ke bayan teku zai ga hajarka yana kwance a gadonsa. Na sayar da babur ɗina na sayi kwamfuta ta hannu, da wani ɗan kati da ake cusa mata a ciki don ta sha hoto daga kaset. In ta yi zafi sai in cire mata murfi in kafa mata fanka, ni kuma in zauna cikin gumi, don fankar ɗaya ce.

Masu kawo aiki kuwa, Allah Ya ba su lafiya. Mai sabulu ya ce in saita shafinsa yadda masu saye za su gani amma abokan hamayyarsa ba za su gani ba. Wani ɗan kwangila, da na ce masa an gama, sai ya miƙo jaka ya ce in sa masa shafin a ciki ya kai gida iyali su gani. Mai famfon ruwa shi ne mai hankalinsu: ya ce in ɗauki yadda ake ɗura wa famfo ruwa kafin a tayar da shi, in ɗora a ɓangaren taimako, don masu saye su daina buga masa waya yana cin abinci. Na ɗauka, na ɗora. Sai suka koma buga masa waya suna tambayar yadda ake buɗe bidiyon.

Abin da ba ku sani ba shi ne bidiyo nauyi gare shi. Yau kuna ɗora wa intanet kaya kamar babbar mota, a lokacinmu jaki ce mai ciwon ƙafa. Kowane tari nauyi ne, kowane gyaran murya nauyi ne, shiru ma nauyi ne. Sai in matse bidiyo har fuskar mutum ta koma kamar an zana ta da bulo, in zuba a faifai, in hau acaɓa in fita bayan ganuwa zuwa shagon intanet mai babban faranti a kan rufi. A can zan zauna in zuba wa wani ɗan layi ido yana rarrafe a ƙasan allo. Yana dab da kaiwa ƙarshe sai a ɗauke wuta, kafin a tayar da janareta komai ya zube, a sake daga farko. Shi ya sa dokar sana'ar ɗaya ce: gajarta, nuna kaya, fita.

Aikin da ya karya mini wannan dokar na gidan Baba Inuwa ne, marina ne 'yan Soron Ɗinki, rijiyar rininsu tana wajen Ƙofar Mata tun kakanni. Ɗansa Sabo, wanda ke riƙe da harkar, shi ya zo mini wata safiya, hannuwansa shuɗi har gwiwa. Ya ce yadin waje mai araha ya kashe musu kasuwa, rijiyoyin gidansu duk sun bushe saura ɗaya, kuma ƙannensa sun matsa a cike ta da ƙasa a kafa lema a wurin, a riƙa buga wa mutane waya ana karɓar kuɗi. Ya roƙi a ba shi dama ya gwada intanet, don akwai wata Baturiya mai shagon tufafi da ta aiko saƙo tana son ganin yadda suke rini kafin ta yi oda. In odar ta zo, rijiya ta tsira. In ba ta zo ba, lema.

Na ce wannan ai aiki ne mai sauƙi. Zan ɗauki farin zane yana shiga rijiya, ya fito kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idon mai kallo. Sai mabuga suna dukan turkuɗi har ya yi sheƙi, sai Sabo ya faɗi sunan kamfani, a tashi.

Ranar ɗauka na kafa kyamara a bakin rijiya, sai ga Baba Inuwa ya fito da babbar riga da rawani, an biyo shi da kujera. Dogon tsoho ne, ba ya sauri a komai, kuma ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ya dubi kyamarar ya ce, "Malam Tasi'u, wannan abin mutane ne za su gani?"

Na ce, "Ƙwarai, Baba, mutanen duniya."

"Baƙi ke nan."

"Baƙi ne, Baba."

"To, baƙo zai shigo wurin sana'armu, a tura masa zane a fuska ba a gaishe shi ba? A gidan wa aka taɓa yin haka?"

Sabo ya sunkuyar da kai. Na tuna Malam Garba, na ce ba laifi, a yi sallama a taƙaice. Baba ya zauna, ya gyara rawani, ya yi sallama. Sai ya yi shiru. Na ɗauka ya manta abin da zai faɗa ne, na ɗaga masa hannu ya ci gaba. Ya harare ni, ya jira abinsa, sannan ya ce, "Ina kwananku?" Ya sake yin shiru, yana kallon idon kyamara, kansa a ɗan karkace. Can ya ce, "Madalla. Ina gajiya?" Shiru. "Madalla. Ya aiki?" Shiru.

Na kashe kyamara na ce, "Baba, shirun nan na mene ne?"

Ya ce, "Na amsa ne mana. Kai in ka gai da mutum ba ka jira ya amsa?"

"Ai ba za ka ji amsar ba, Baba."

"Wannan matsalata ce. Shi dai a ba shi wurinsa."

Haka muka bi ta kan mutanen gida, da iyali, da ruwa, da hanya, da haƙuri da zamani, kowace tambaya da shirunta da madallarta. Kafin farin zane ya ga bakin rijiya, rana ta bar inda na saita haske.

Ɗorawar kaɗai ta ci mini zuwa da dawowa har mai shagon intanet ya fara ajiye mini kujera. Da bidiyon ya hau kuma sai ga wata masifar da ban hango ba. Intanet ɗinmu tana maƙalewa, hoto ya tsaya cak. Baba ma yana tsayawa cak, don in yana jiran amsa ko ƙifta ido ba ya yi. Babu mai iya bambance tsayuwar intanet da tsayuwar Baba. Ni kaina da na ɗauka sai in zauna ina jiran ya ce madalla, ashe layi ne ya yanke tuntuni. Wani lokacin kuma in tashi in kashe in kunna, ashe lafiyar layi ƙalau, Baba ne ke ba mutum wurinsa.

Baturiya ta aiko saƙo cikin ladabi, ta ce bidiyon ya lalace, wani dattijo ne kawai ke kallon ta, kuma ta ɗan tsorata.

Na ce wa Sabo dole a rage. Ya ce shi ba zai iya yanke mahaifinsa a ɓoye ba, duk abin da zan yi sai Baba ya gani ya yarda. Don haka na riƙa ɗaukar kwamfuta a kan acaɓa, allo a cinyata, zuwa zauren gidansu a Soron Ɗinki.

Da farko na cire shirun na bar tambayoyin. Baba ya kalla har ƙarshe ya ce, "Ka mai da ni mara tarbiyya. Ina tambayar mutum iyalinsa ina wucewa, kamar mai karɓar haraji." Na koma na ƙara wa gaisuwar gudu, komai yana nan amma cikin sauri. Muryar Baba ta koma ta ɗan tsako, kansa yana kaɗawa kamar na ƙadangare. Matan gidan da ke leƙe ta bayan labule suka fashe da dariya, ni kuwa na fara neman takalmina da ido. Baba ya dube ni, kuma har yau in na tuna duban nan sai na gyara zama. Na mai da gaisuwar ƙarshen bidiyo, ya ce, "Wato sai baƙo ya ci ya ƙoshi zai tafi sannan a ce masa ina kwana." Dabarata ta ƙarshe, wadda na yi alfahari da ita, ita ce wani ɗan maɓalli a gefe, wanda ke gaggawa ya danna ya wuce kai tsaye zuwa rini. Baba ya sa tabarau ya duba maɓallin da kyau.

"Wannan na mene ne?"

"Na tsallakewa ne, Baba."

"Tsallake wa?"

Na naɗe wayoyina na hau acaɓa, bidiyo ya zauna yadda yake.

A shagon intanet kuwa Baba ya zama abin kallo. Masu jiran layi, in sun gaji, sai su ce a buɗe musu tsohon nan. Su taru a bayan kujera, ya ce ina kwananku, su amsa baki ɗaya kamar 'yan makaranta. Wani mai gyaran rediyo ya gano cewa komai ka faɗa madalla za ka samu. Baba ya ce, "Ya aiki?" Shi kuma ya ce, "Baba, an kore ni." "Madalla. Ya mutanen gida?" "Sun gudu." "Madalla." Har mai shagon sai da ya riƙe ciki. Na yi dariya ni ma, ba zan ɓoye ba, amma raina a ɓace yake, don na san abin da ke jiran rijiyar nan.

Wannan ita ce shekarar da ba na son tunawa. Baturiya ta yi shiru, daga baya muka ji ta sayi kayanta a wata ƙasa. Labari ya zaga kasuwa cewa bidiyon Tasi'u tsayawa yake yi, mai sabulu ya janye aikinsa, ɗan kwangila ya ce dama shi bai taɓa yarda da abin da ba ya shiga jaka ba. Da damina ta sauka tsawa ta bi waya ta ƙone mini katin shan hoto. Na koma bin 'yan siyasa ina ɗaukar taro, ina cin ƙurar motocinsu, su kuma suna ce mini in tabbatar taron ya fito da yawa ko da mutum goma ne da akuya. A gidan su Sabo an yanke magana: bayan Babbar Sallah za a cike rijiya. Har lemar an sayo, mai ruwan ɗorawa, tana jingine a zaure kusa da inda Baba ke zama. Na ce wa Sabo ko yanzu ya ba ni izini in yanke gaisuwar mu nemi wani mai sayen. Ya kalli hannuwansa, sannan ya ce, "Malam Tasi'u, in na tsira da rijiya na tsallake Baba, rijiyar wa na tsirar?"

Ana saura kaɗan Sallah, ina zauren gidan su Sabo muna shan fura da su, wayar Sabo ta yi ƙara, lambar ƙasar waje. Ya sa a kunne, ya saurara, ya dube ni, ya buɗe murya kowa ya ji. Muryar babban mutum ce, Hausarsa ta Kano amma ta ɗan yi tsatsa. Ya ce sunansa Alhaji Lawan, yana da shagon kayan gida a wani gari mai sanyi a Turai, ya bar Kano tun yana saurayi. Yana neman masu rini ne ya faɗa shafinmu.

Ya ce, "Don Allah dattijon nan yana kusa? Wanda ya jira ni."

Sabo ya ce, "Ya jira ka, Alhaji?"

"Ya tambaye ni kwana, ya tsaya sai da na amsa. A nan mutum zai ce maka ya kake, kafin ka buɗe baki ya sha kwana. Wallahi ina zaune ni kaɗai a shago na ji ina gaya wa kwamfuta lafiya lau. Da ya ce ya iyali har na fara ba shi labarin maiɗakina ba ta jin daɗi."

Ashe a can intanet ba ta maƙalewa. Shirun da suke gani na Baba ne zalla, kuma daidai yake da tsawon amsar mutum, ba ragi ba ƙari. Alhaji Lawan ya ce ya nuna wa 'yan uwa Hausawa na garin, yanzu duk Juma'a bayan an sauko suna biyowa shagonsa a buɗe musu su amsa. Sai a ƙarshe, kamar wanda ya tuna wani ƙaramin abu, ya ce yana son rawuna da zannuwa da turkuɗi, kuma ba sau ɗaya ba, duk abin da rijiyar za ta iya fitarwa.

Aka miƙa wa Baba waya. Ya riƙe ta nesa da kunne, ya yi sallama, ya soma daga ina kwana. Suka yi ta yi har katin Alhaji Lawan ya ƙare ba a kai ga maganar kaya ba, sai da ya sake kira. Da aka gama Baba ya miƙa wayar, ya dube ni ya ce, "Ai na gaya maka akwai mutum a ciki." Sannan ya ce in je in ɗauko kyamara a ƙara "ya mai jiki" a bidiyon, tunda matar mutumin ba ta da lafiya. Da ƙyar Sabo ya lallashe shi cewa sauran masu kallo matansu lafiya suke, kada a tayar musu da hankali.

Lemar nan mai ruwan ɗorawa a bakin rijiya ta ƙare, tana yi wa masu rini inuwa. Kuna iya zuwa ku gan ta, ta koɗe amma tana nan. Na sake wa gidan shafi ba sau ɗaya ba, na canja hotuna, na ɗauki sabon rini da kyamarar zamani, amma gaisuwar ban taɓa ta ba. Ko kwanan baya wani abokinku ya ce zai gyara musu ita ta koma daidai da yayin yanzu, ya yanke wuraren da babu komai. Na ce ya nuna mini wurin da babu komai. Ya nuna shirun. Na karɓe masa linzamin kwamfuta na ba shi tsintsiya.

Shekaru da yawa bayan haka Baba Inuwa ya rasu da rani, bayan gajeriyar jinya. Da aka share makoki, wata safiya ina buɗe shago sai ga Sabo a tsaye. Ya yi furfura shi ma, hannuwan nan dai shuɗi, daga gani daga rijiya yake. Muka gaisa, na sake yi masa ta'aziyya. Ya zauna a kan bencin nan da kuke kai, ya ce, "Malam Tasi'u, buɗe mini."

Ban tambaye shi me zan buɗe ba. Baba ya fito a allo, fuskarsa duk bulo-bulo saboda matsewar da na yi mata tun wancan zamani, ya gyara rawani ya yi sallama. Sabo ya zame daga benci ya durƙusa a ƙasa, ya amsa.

"Ina kwananku?"

"Lafiya lau, Baba."

"Madalla. Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Baba."

"Madalla. Ya aiki?"

"Aiki da godiya. Rijiya tana nan, Baba, jiya ma mun zuba sabon shuni."

"Madalla. Ya mutanen gida? Kowa lafiya?"

Sabo ya buɗe baki, magana ta ƙi fita. Ya sa shuɗin hannunsa ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa. Ni ma na juya ina gyara wayar da ba ta lalace ba. A allo Baba yana nan zaune, kansa a ɗan karkace, bai ƙifta ido ba, bai gaggauta shi ba. Ya ba shi wurinsa har ƙarshe, sannan ya gyaɗa kai.

"Madalla."